Shekara goma bayan wutar Circle: a kafa wa masu ceto mutum-mutumi ko kuwa?

Ɗan_Maamobi:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Wata magana ce na daɗe ina juya ta a raina, yau na ce bari in kawo ta gida a taya ni dubawa.

Shekaranjiya da la'asar na sauka a Circle, babbar mahaɗar motoci ta Kwame Nkrumah a Accra, na tsaya daidai inda wutar nan ta tashi a daren Laraba 3 ga Yuni 2015. Motocin haya na trotro na lodi, masu waya na kiran ciniki, kowa na sauri. Na tambayi wani yaro mai tallar caja ko ya san abin da ya faru a wurin da yake tsaye. Ya ce ya dai ji an taɓa gobara. An taɓa gobara! Mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya. Da yawansu ruwan sama ne ya kore su suka fake a gidan mai, man ya malalo bisa ruwan ambaliya, wuta ta bi shi. Ƙasa baki ɗaya ta yi makokin kwana uku. Ga shi yau yaron da ke neman abincinsa a wurin bai san labarin ba.

Yayana na cikin waɗanda suka tsira. Ruwa ya kai masa ƙirji, wani bawan Allah da ya ɗaure igiya a jikin ƙarfen bakin titi ya jawo shi, ya jawo wasu, ya sake komawa ciki. Har yau ba mu san sunansa ba, ba mu san ko ya fita da rai ba. Mahaifiyarmu ba ta tashi daga kan sallaya sai ta sa shi a addu'a. "Mai igiya" take ce masa.

Abin da nake so shi ne mu tashi kamfe, mu tara sa hannun jama'a, mu je wa hukuma a kafa mutum-mutumi a Circle saboda irin waɗannan mutane: 'yan kashe gobara, sojoji, ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta NADMO, nas-nas, da talakawan da ba su da kaki amma suka shiga ruwa da wuta. A gaban filin ƙwallo na Accra akwai na waɗanda suka rasu a turmutsutsin ranar 9 ga Mayu 2001, mutum ɗauke da ɗan'uwansa. Me zai hana a yi wa na Circle? Ina sauraronku.

Hajiya_Mai_Waache:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana ka tayar mini da tsohon miki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya saka wa mai igiya da Aljanna, ko yana raye ko ya riga mu. Ina tare da kai.

Malam_Sabon_Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka mai kyau ce, babu mai musun wannan. Wanda ya ceci rai guda kamar ya ceci mutane ne gaba ɗaya, haka Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida. Kuma hadisi ya zo cewa wanda ruwa ya ci da wanda wuta ta ci suna cikin shahidai. Darajarsu tana wurin Allah tun kafin mu buɗe baki.

Amma mutum-mutumi, a nan zan riƙe hannunka. Ka duba Suratu Nuhu, inda aka ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasru. Malaman tafsiri sun ce mutanen kirki ne. Da suka mutu, jama'arsu suka sassaƙa siffofinsu don kada a manta da su, daidai irin dalilin da ka kawo. Waɗanda suka sassaƙa ba su bauta musu ba. Jikoki ne suka zo, ilimi ya tafi, aka koma yi musu sujada. Ba na cewa mutanen Accra za su yi wa tagulla sujada gobe. Ina cewa ƙofar da shari'a ta rufe, ba mu Musulmin zango za mu tara kuɗi mu buɗe ta ba. Ku haƙa rijiyar burtsatse da sunansu, ku ɗauki nauyin karatun marayunsu. Wannan shi ne sadaka mai gudana, ita ce ke isa ga mamaci.

Abu_Sumayya_Madina:
Allah ya saka wa Malam. Magana ta ƙare. Gunki gunki ne ko da wane suna aka kira shi.

Ɗan_Maamobi:
Allah gafarta Malam, na ji, kuma ban isa in ja da ku a fagen karatu ba. Tambayata ɗaya ce. Rijiya a Maamobi za ta shayar da mutanen Maamobi, alhamdu lillahi. Amma yaron nan mai tallar caja a Circle, me zai tsayar da shi ya tambaya?

Kotoko_Aboabo:
Ku ba ni wuri in yi magana, don ni ina cikin filin ranar 9 ga Mayu 2001. Daga Kumasi muka taso cikin mota ɗaya mu da abokaina. Hearts of Oak ta Accra suka ci mu, mu Asante Kotoko, biyu da ɗaya, Ishmael Addo ne ya zura duka biyun ana dab da tashi. Mutanenmu suka fusata suka fara cire kujeru suna jefawa. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Kowa ya ruga matakala, ƙofar fita a kulle. Abin da na gani a matakalar nan ba zan rubuta shi ba. Mutum 126. Ita ma Laraba ce, ku lura.

Wani ɗan Hearts ne, da rigarsa mai ja da rawaya da shuɗi, ya ɗauke ni a kafaɗa ya fitar da ni fili, bayan awa guda da ta wuce muna zagin juna. Abokina da muka zauna kujera ɗaya a mota bai koma Kumasi ba.

Duk lokacin da sana'a ta kawo ni Accra sai na bi ta gaban filin. Malam, wallahi ban taɓa roƙon tagullar nan komai ba. Tsayawa nake in karanta wa abokina Ƙulhuwallahu in wuce. An rubuta a jiki cewa ni mai tsaron ɗan'uwana ne. Na kai ɗana wurin yana ɗan shekara goma, shi ya fara tambayata, "Baba me ya sa ya ɗauke shi?" A ranar na iya ba shi labarin da na kasa bayarwa a gida shekara da shekaru.

Phobia_Nima441:
Yaya Kotoko, 127 ne, ba 126 ba. Unguwarmu ta yi jana'iza har muka gaji a makon nan.

Kotoko_Aboabo:
Ƙanena, duka biyun ana faɗa, ni 126 na riƙe. Ko ɗaya ne ya yi yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sam Okudzeto, aka gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Da ba don taron da Herbert Mensah, tsohon shugaban Kotoko, ke yi duk shekara ba, da wannan tagullar, da tuni an share zancen.

Direban_Circle_Kasoa:
Ni kullum a Circle nake kwana nake tashi. Ku yi haƙuri, maganar mutum-mutumi ba ta dame ni ba. Ku je ku leƙa kogin Odaw yanzu. Roba, ledar ruwa, yashi, katifa, har firij. Babbar gotar Nima da Maamobi duk abin da muka zuba can yake gangarawa, ya bi Odaw ya nufi tafkin Korle, ya toshe. Hadari na haɗuwa sai ka ga mutum ya fito da buhun shara ya juye a gota wai ruwa ya tafi da shi. Ina zai tafi da shi? Circle zai kai shi. Aka gina gadar sama a 2016, aka sa fitilu da ruwa mai tsalle har ana ce wa wurin Dubai, amma ruwan sama na awa biyu har yanzu sai ya hana mu aiki. Idan kuna son girmama waɗanda suka mutu, ku hana a sake. Rigakafi ya fi magani.

Ummi_Alajo:
Gaskiyarka direba. Mu a Alajo duk damina a tsaye muke kwana.

Ɗan_Maamobi:
Yaya direba ban ƙi ta taka ba. Amma mutum ba ya gyara abin da ya manta. Wanda ke juye shara a gota, da a ce kullum yana wuce sunaye 150 a hanyarsa ta zuwa aiki, ina ganin hannunsa zai yi nauyi.

Ladi_Newtown:
Salamu alaikum. Ni Kirista ce, a Newtown aka haife ni, Hausa na tashi da ita kamar kowa a nan. Yayata ta rasu a wutar. Daga aiki ta taso, ta kira mamanmu ta ce ruwa ya yi yawa, ta fake a gidan mai, da ya tsagaita za ta shigo mota. Kiranta na ƙarshe ke nan. Kwana huɗu muna yawo daga wannan ɗakin ajiye gawa zuwa wancan. Da abin wuyanta muka gane ta.

A cocinmu mutum-mutumi ba matsala ba ne. Amma in gaya muku gaskiya, ni ba fuskar wani nake so in gani a Circle ba. Sunanta nake so. A rubuta shi a dutse inda ruwa ba zai wanke ba, in kai 'yarta ta taɓa shi da hannu. Yarinyar tana da shekara biyu lokacin, yanzu ta kusa gama firamare. Idan siffar mutum za ta sa maƙwabtana Musulmi su janye, a bar siffar. Daren nan wuta ba ta tambayi kowa addininsa ba, waɗanda suka taya mu neman gawa kuma samarin masallacin layinmu ne.

Hajiya_Mai_Waache:
Ladi 'yata, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marainiya. Kin sa ni kuka a gaban tukunya.

Malam_Sabon_Zango:
Ladi, Allah ya ƙara haƙuri. Maganarki ta buɗe wata hanya, bari in ƙara bayani don kada a ɗauka na ce komai haramun ne. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tsananta a kai shi ne siffar abu mai rai, cikakkiya, mai jiki wadda ke yin inuwa. Abin da ba shi da rai, itace ko jirgi ko dutse, babu laifi. An ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibnu Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka bango da sunaye, ko a ƙera igiya da tsani da bokiti, ni ban ga abin hanawa ba, matuƙar ba a mayar da wurin wajen neman tabarraki ba. Kuma kada ku tsaya a kaina. Ku rubuta tambaya ku kai ofishin Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a ba ku amsa a rubuce. Ita za ku riƙa nuna wa duk wanda ya tare ku.

Abu_Sumayya_Madina:
Malam da girmamawa, ni ban gamsu ba. Yau bango ne, gobe a kawo furanni, jibi a kunna kyandir, duk shekara a yi taro. Sahabbai sun yi shahada a Uhudu, wa ya gina musu bango? Kuɗin a ba marayu.

Malam_Sabon_Zango:
Ɗana Abu Sumayya, sunayen shahidan Uhudu da na Badar a rubuce suke, malaman tarihi sun tsare su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ni da kai muka san su. Tsare suna daban, bauta daban. Tsoronka dai yana da tushe, ban raina shi ba.

Nas_Hauwa_Kanda:
Ina bakin aiki a daren. Ba zan faɗi asibitin ba. Mun ga abin da makaranta ba ta koya mana ba. Gado ya ƙare, aka shimfiɗa mutane a ƙasa, masu tasi da masu motar kaya ne suka riƙa kawo su jiƙe sharkaf, wasu direbobin ko kuɗi ba su tsaya karɓa ba, suna saukewa suna komawa.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, batun sunaye ba zai zo da sauƙi ba. Akwai waɗanda wuta ta ɓata kamanninsu ƙwarai. Duk bangon da za a yi, a bar fili babu rubutu saboda wanda ba a gane ba, kuma a nemi izinin iyalai kafin a sa sunan kowa. Na biyu, akwai waɗanda suka rayu da ƙuna. Ƙuna ba ciwon wata guda ba ce. Fata na tamukewa, yatsu na manne wa juna, ana buƙatar tiyata sau da yawa, ga kunyar fita cikin mutane. Na san wadda har yau ba ta iya riƙe cokali da hannun dama. Idan aka tara kuɗi aka zuba duka a dutse, waɗannan suna kallo, ba a kyauta ba. A raba, kashi na dutse, kashi na masu rai. Kuma a sa su cikin kwamitin, a gaba, ba a baya ba.

Yar_Tsohuwar_Fadama:
Ku yafe ni in na yi zafi. Mu abin da muka samu bayan wutar Circle shi ne katafila. Wata bai ƙare ba aka zo aka rushe ɗakunanmu a bakin Korle, aka ce mu muka toshe ruwa. Cikin damina, cikin azumi, da yara a hannu. 'Yan matan arewa masu dakon kaya da ke kwana a gaban shaguna, wa ke da lissafinsu? In za a rubuta suna, to a je har tashoshin motar arewa a tambaya wa ya yi rashin 'ya a daren. Kada a rubuta na masu dangi a ofis kawai.

Ɗalibin_Legon:
Ina so in ƙara wani abu daga tarihi, don mu san irin ƙasar da za mu taka. Mutum-mutumi a Gana yana da rai irin na siyasa. Na Nkrumah da ke gaban tsohuwar majalisa, a juyin mulkin 1966 aka kayar da shi aka cire kan, yanzu gangar jikin da kan suna ajiye a wurin tunawa da shi, kowanne daban. Na Gandhi a makarantarmu, Jami'ar Gana ta Legon, malamai suka yi takardar koke, aka ɗauke shi a Disamba 2018. Na tsohon shugaba Akufo-Addo da aka buɗe a Sekondi a ƙarshen 2024 bai yi wata uku ba aka farfasa shi.

Amma ku dubi waɗanda ba a taɓawa. Wurin tunawa da Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tsofaffin sojojin da aka harbe ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna kan hanyar kai koke fadar gwamna a Osu, duk shekara ana zuwa. Na Manjo Maxwell Mahama, wanda aka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017, yana nan a shataletalen Airport Hills. Na filin ƙwallo yana nan. Abin da na fahimta, wanda jama'a suka ji nasu ne shi ke daɗewa. Saboda haka kada a bari wata jam'iyya ta ɗauki abin nan ta sa a aljihu. Kada a sa sunan ɗan siyasa a jiki da manyan baƙaƙe ya fi na mamatan girma.

Baba_Tudu:
Yaro ka yi karatu, Allah ya ƙara. Tunda ka ambaci tsofaffin soja, bari tsoho ya ce wani abu. Mahaifina ya je yaƙin Burma. Barikin da kuke ce wa Burma Camp daga nan sunan ya fito. A zamaninsu da Hausa ake ba soja umarni, tun daga dakarun da Turawa suka kira Hausa Constabulary. Ya dawo da lambobi a ƙirji da tari a huhu, ya ƙare yana gadi. Da ya rasu lambobin suka ɓace a hannun yara. Kun san Salifu Dagarti? Shi ne mai tsaron Nkrumah da ya rasa ransa a Flagstaff House a Janairu 1964 lokacin da aka yi yunƙurin harbe shugaban. Ku tambayi samarin bes ɗinku, wurin zaman hirarku, mutum nawa suka san shi? Mu mutanen zango da na arewa mun iya aiki, ba mu iya ajiye labari ba. Mun bar wa baki, baki kuwa ƙasa ke cinye shi. Ni ba zan sa kuɗina a siffar mutum ba, na tsufa a kan abin da malamaina suka koya mini. Amma bangon suna, ku zo ku karɓi nawa.

Phobia_Nima441:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Wallahi yau na fara jin sunan Salifu Dagarti.

Mai_Walda_Suame:
Ni aikin ƙarfe nake yi a Suame Magazine, kuma na zauna da masu zubin tagulla na Krofofrom a nan kusa da Kumasi. Bari in gaya muku yadda abin yake don kada a ruɗe ku. Ana fara siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu da garin gawayi, a bar shi ya bushe, a gasa. Kakin ya narke ya fita, ya bar gurbi, sai a zuba narkakkiyar tagulla. In ta huce a fasa yumɓun. Babban aiki ba a zuba shi gaba ɗaya, gunduwa-gunduwa ake yi a haɗa da walda, a sa ƙarfe a ciki ya riƙe. Yana cin kuɗi, yana cin lokaci.

Shawarata: kada ku yi da baƙin ƙarfe, iskar teku ta Accra za ta cinye shi da tsatsa cikin 'yan shekaru. Kada ku rubuta sunaye a farantin tagulla da aka ɗaure da noti, dare ɗaya za a kwance. A sassaƙa su a jikin dutse mai tauri. Gindin kuma a ɗaga shi sama da inda ruwa ya kai a daren, har ma a ja layi a jiki a nuna iyakar ruwan. Wanda ya tsaya ya ga layin ya kai masa ƙirji, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Igiyar da Malam ya ambata za ta zubu da kyau a tagulla, a naɗe ta a jikin ginshiƙi, bakinta ya sauko inda hannun mutum zai kai. Akwai malamai da ɗaliban sassaƙa a jami'ar KNUST ta Kumasi, a sa gasa su kawo zane.

Ɗan_Maamobi:
Yaya mai walda, layin ruwan nan da igiyar sun shige ni. Na karanta wa yayana, ya yi shiru ya tashi ya fita.

Sani_Kondem:
A dai riƙa adalci. Ba duk mai sayen tsohon ƙarfe ne ɓarawo ba. Tun da aka tashe mu daga kasuwar tsohon ƙarfe ta Agbogbloshie a 2021 komai ya ɓace mu ake kallo. Kuma yaranmu na cikin waɗanda suka ciro mutane a Odaw a daren.

Mai_Walda_Suame:
Ɗan'uwa ban ambaci sana'arku ba, kuma ban nufe ku ba. Ka yi haƙuri in ta taɓa ka.

Tsohon_Asambuliman:
Na yi shekaru a majalisar yanki, bari in faɗa muku inda irin wannan aiki ke mutuwa. Ba a wurin zane yake mutuwa ba, a wurin fili da wurin kuɗi.

Fili: Circle ba zango ba ne. Ƙasar ƙabilar Ga ce, kuma kowace ƙafa ɗaya ta wurin akwai hukumar da ke da iko da ita, ta hanya daban, ta majalisar yanki daban. Ku fara da gaisuwa a fadar Ga Mantse, sarkin Ga, ku tafi da sarakunan zango, kada ku aika takarda kawai. Sannan ku lura, 3 ga Yuni yawanci tana faɗowa cikin watan da masarautar Ga ke hana kiɗa da ƙarar lasifika kafin bikinsu na Homowo. In za ku yi taro ranar, ku yi shi cikin natsuwa, ku nemi izini tun da wuri. Ku haɗa da majalisar Kiristoci da ofishin Babban Limami a takarda ɗaya. Shehu da kansa ya je cocin Christ the King a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, ba wanda zai ce muku haɗin bai dace ba. 'Yan majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Arewa ku je musu, amma ku je wa na ɗaya ɓangaren siyasar ma, kamar yadda ɗalibi ya ce.

Kuɗi: kada a tara a MoMo, asusun kuɗi na waya, na mutum ɗaya, ko waliyyi ne. Na taɓa ba da gudummawar wani gini a unguwarmu, har yau tubali bai hau tubali ba, zumunci kuma ya lalace. A yi rajista, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, mace a ciki, ɗaya daga iyalan mamata. Duk wata a liƙa lissafi kowa ya gani. Kuma kada a karɓi ko sidi ɗaya sai an samu fili a rubuce.

Ummi_Alajo:
To waɗanda ruwa ya ci a wasu unguwanni a daren, ba a gidan man ba, su ma za a sa su? Don maƙwabcinmu a ɗakinsa ruwa ya same shi.

Ladi_Newtown:
A sa su mana, Ummi. Dare ɗaya ne, ruwa ɗaya ne.

Abu_Sumayya_Madina:
Ni dai ina nan a kan bakana game da ginin. Amma in an ware asusun masu ƙuna da marayu daban, wanda kuɗinsa ba zai taɓa dutse ba, zan bayar, zan kuma yi sanarwa a masallacinmu.

Kotoko_Aboabo:
Ni kuma har yanzu zuciyata na wurin siffar mutum. Yaro ba ya tambayar bango, amma ɗana ya tambayi mutumin da ke ɗauke da ɗan'uwansa. Sai dai in igiya ce za ta haɗa mu, ba zan raba ba. A gwada a gani ko za ta yi magana kamar yadda fuska ke yi.

Direban_Circle_Kasoa:
Ban canza ra'ayi ba, gota ce gaba. In kun rubuta takardar koken ku sa yashe Odaw a layin farko, sannan in sa hannu, in kuma zaga da ita tasha. Amma Ɗan Maamobi, wata tambaya. Mai igiyar nan, ta wane gefen titi yayanka ya ce yake? Ta wajen tashar Neoplan ko ta wajen Adabraka? Akwai tsofaffin 'yan lodi a tasharmu da suka kwana cikin ruwan nan, wasunsu da igiyar ɗaure kaya suke yawo a kafaɗa. In na san gefen zan tambaya.

Ɗan_Maamobi:
Yaya direba, Allah ya biya ka. Ban taɓa tambayarsa gefen ba, ba ya son zancen daren. Abin da ya taɓa faɗa wa mahaifiyarmu kawai shi ne mutumin da Hausa yake ta kiran mutane, yana cewa ku riƙe, kada ku saki. Bari ya dawo daga isha'i in gwada tambayarsa a hankali.